Na Cire Maliki Daga Wasan Madugu

Asabar, 11 ga Oktoba, 1975

An gama Sallah, mun koma gwajin wasan kwaikwayo a Badarawa. Tsohon wasa ne, tun muna makaranta ake yinsa, amma har yau madugun nan haushi yake ba ni. Ya kori jagaban da ya san rijiyoyin hanya, don kawai ya musa masa a gaban mutane. Ayari ya bi shi cikin hamada, ƙishirwa ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan cikinsa. A ƙarshe ya zauna yana kuka, wai ƙaddara. Wace ƙaddara? Wauta ce kawai.

Maliki tela ke fitowa a madugu. In ya fara kukan nan, har mai shara tsayawa yake yi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Oga ya kira ni ofishinsa. Wai ɗansa Sanda yana sha'awar wasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wuri." Takardar ƙarin girmana tana kan teburinsa tun watan Yuni.

Asabar, 18 ga Oktoba

Sanda ya zo a motar ubansa, yana ƙamshin turare. Ba zai fito a ɗan ayari ba, madugu yake so. Na sanar a gaban kowa cewa shi ne madugu.

Maliki ya ce, "Malam Abdurrahim, wata huɗu ina haddace shi."

Na ce ni ne shugaban ƙungiya. Ya kwance rawanin, ya ninke, ya ajiye a kan benci ya fita. Girman kai ne da shi, da ma na sani.

Asabar, 25 ga Oktoba

Sanda bai haddace ko layi goma ba. Wurin da madugu ke binne ɗansa, taunar cingam yake yi. Biyu daga cikin 'yan ayari sun daina zuwa. Abin ƙyama, ni ne kuma ke ce masa "madalla".

Na gaya wa matata Turai. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba, ta ce, "Malam, ai kai ka san abin da kake nema."

Alhamis, 6 ga Nuwamba

An karanta a rediyo sunayen ma'aikatan gwamnati da aka sallama. Har da oga. Wasa jibi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Zaure ya cika. Mun jira Sanda har bayan la'asar, sai direbansu ya zo ya ce sun tafi Zariya tun jiya. Ko saƙo bai bari ba.

Na aika Audu mai ganga Rafin Guza ya kira Maliki. Ya dawo ya ce yana kan keken ɗinki, wai yana da ɗinkin mutane.

Ni na ɗaura rawanin. Na fito da takarda a hannu ina karantawa. Wurin korar jagaba na yi shi da kyau, har aka yi tsit. Da na zo wurin kuka, murya ta ƙi. Na matsa mata, ta fito kamar ta akuya. Wata tsohuwa ta fara dariya, zaure duka ya ɗauka. Na hangi Turai ta rufe fuska da gyale. Kafin a rufe labule rabin benci babu kowa.

Na yi amai a bayan zaure.

Talata, 11 ga Nuwamba

Sabon oga bai ma san sunana ba. Masinja yana kirana Madugu.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na je Rafin Guza. Wando na kai a rage mini ƙafa, ba wani abu ba. Akwai teloli a Badarawa, amma ba su iya ba.

Maliki ya auna ya ce, "Malam, ai daidai yake."

Na ce duk da haka a rage. Na zauna kusan awa guda ina kallon keke yana juyawa. Maganar da na zo da ita ta ƙi fita. Da zan tafi dai na ce ranar Asabar akwai taron ƙungiya, za a zaɓi sabon shugaba.

Ya ce, "Allah ya kai mu." Bai ce zai zo ba.

Wandon yanzu ya yi mini gajere. Shi zan sa gobe.