An Canza wa Babur Ɗinka Salansa

Maigida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da addu'ar Allah Ya sa makwancinka ya fi ɗakin nan namu na unguwar Mahdiya sanyi. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ni zan karanta maka, kana gyaɗa kai kamar ka san boko. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa, takaba kuma ta hana ni ƙetare ƙofa, don haka sai ka yi haƙuri da ni.

Gida lafiya. Inna ta kira daga Matamaye, ta ce damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai. Ƙanwarka Saude ta sauka, namiji, an sa masa sunanka. Ka ga yanzu mutum biyu ke nan da bakina ba zai iya kiran sunansu ba. Nan Sabha kuwa zafi ne kawai, wuta ta zo ta ɗauke. Matar mai gidan da muke haya ta shigo ta'aziyya, tana yi tana bin ɗakin da ido, irin kallon mai neman inda sabon ɗan haya zai ajiye katifa.

Ka san takardar zama da sunanka take, ta bi ka. Ni ba ni da ko ƙyalle a ƙasar nan. Ranar da na fita takaba, ko dai in hau motar gida, ko in zauna jiran ranar da 'yan sanda za su buga ƙofa. Abokinka Malam Ila bakanike ya samo wani direba mai zuwa Agadas. Ya yarda zai kai ni a kujerar gaba, shi kuma a ba shi babur ɗinka. 'Yan'uwanka sun yafe rabonsu a ciki, Allah Ya saka musu. Sharaɗin direban ɗaya ne: a canza salansar kafin ya karɓa. Wai ba zai hau abin da zai tashi masu shingen hanya tun yana nesa ba.

Ka tuna ranar da ka kawo shi daga unguwar Sukra? Ƙaton abu mai akwati biyu a gefe da gilashi a gaba, tankinsa kamar tulu. Ka ce da irinsa Turawa ke ratsa ƙasashe, kuma wata rana shi zai kai mu gida, ni a baya na rungume tsaraba. Na ce maka ko buhun gawayi ba zai yarda ya bi ka sahara a kansa ba. Bai taɓa wuce gonakin Samnu ba, inda kake aikin ban-ruwa. Salansar kuwa tun zuwansa a huje take. Ka naɗe ta da gwangwanin tumatir da waya, ka kai wa mai walda, ya toshe nan ta fashe can. Duk unguwa ta san dawowarka, har kajin maƙwabta.

Na sha yi maka mita a kan wannan ƙarar. Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk Alhamis, ranar da kake dawowa, tun azahar nake kashe rediyo. Daga kwanar mai burodi nake jiyo ka: tari, sai gurnani, sai wani fat-fat idan ka saki mai. Nan zan zuba maka ruwan wanka, in sa kwalli, sannan in ɗaure fuska in tare ka da faɗa. Shekarun nan duka ban iya Larabcinsu ba, ban san titunansu ba. A duk hayaniyar garin nan, wannan ƙarar ce kaɗai na san wurina take zuwa. Ina son ta, Maigida. Me ya hana ni faɗa?

Tafiyarka ce ban taɓa ji ba. Tun da mai gidan hayar nan ya yi ƙorafi, ran Asabar da safe da hannu kake tura shi har bakin titi kafin ka tayar. Haka ka yi a Asabar ta ƙarshe. Wutar injin ban-ruwa ta ja ka a gona, aka yi maka sutura can Samnu, ko makara ban gani ba. Babur ɗin ya dawo a bayan a-kori-kura, ɗaure da igiya.

Jiya da hantsi Malam Ila ya zo da wata salansa ta hannu da ya samo wurin masu tsofaffin ƙarafa. Ya yi sallama daga ƙofa, na amsa daga bayan labule. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya jera sifanoninsa, ni kuma ina leƙe. Abu ɗaya nake so a duniya: ya tayar da shi sau ɗaya kafin ya kwance tsohuwar. Yaya mai takaba za ta ce wa abokin mijinta ya kunna mata babur ta saurara? Me zai ɗauke ni? Maƙwabciyata tana zaune kusa da ni tana tsintar shinkafa, ita ma na kasa roƙonta ta faɗa masa. Na lallashi kaina da cewa ai dole ya tayar. Wane bakanike ne zai taɓa inji bai fara jin kukansa ba?

Bai tayar ba. Notunan sun yi tsatsa, ya zuba musu kananzir, ya zauna yana jira su jiƙa, har da shan shayi. Ka ga Allah Ya ƙara mini lokaci, ni kuwa ina riƙe da labule kamar an ɗinke mini baki. Noti ɗaya ya karye a hannunsa, ya yi tsaki, ya ciro guntun. Ya warware wayarka, gwangwanin tumatir ya faɗo, baƙi ƙirin. Da ya zare bututun, tsatsa ta zubo a kan buhu. Wadda ya kawo ta ƙi zama a mazauninta sai da ya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe ta, ya sa sabon zobe a bakin inji, ya ɗaure tam. Sannan ya tayar. Maigida, keken ɗinkin Inna ya fi shi murya.

Da yamma maƙwabciyata ta kawo mini abin da Malam Ila ya gaya wa mijinta. Wai da gangan ya ƙi tayarwa. Ya san na san wannan ƙarar, bai so ya fama mini ciwo. Ka ji mutumin kirki. Shi ya ji tausayina, ni na ji kunyarsa, a tsakaninmu muka rasa ta. Ba ni da damar jin haushinsa, haushin kuma ya ƙi fita daga ƙirjina.

Tsohuwar salansar ya jingina a bango, zai kai wa masu sayen gwangwani. Na sa aka ɗauko mini, tana ƙarƙashin gado. Kada ka yi mini dariya: na kafa baki na hura a ciki. Kunkunniya kawai na kwasa a leɓe. Direba kuma ya ce jaka ɗaya zan ɗauka, ba ta shiga.

Yau Alhamis. Na kashe rediyo kamar kullum, duk da na san babu mai zuwa. Sai da na fito alwalar la'asar na ga tsakar gida wayam, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Direban ya aiko an ɗauka. Ba tura shi aka yi ba, a kunne aka fita da shi, ta gaban ƙofata, ban ji ba.

Ranar tashi har yanzu babu. An ce hanya ba ta yi kyau ba, a jira. In ta buɗe, wa zan bar maka a Samnu? In ba ta buɗe ba, wa ka bar mini a Sabha? Ban san wacce zan roƙa ba idan na ɗaga hannu.

Ka ce babur ɗin nan ne zai kai ni gida, na yi maka dariya. To, ga shi shi zai kai ni. Ka cika alkawari, sai dai ba ka ce ni kaɗai ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa fuskokinmu.

Matarka,
mai kashe rediyo ran Alhamis.