Laka a Bahon Yoyo

Auta,

Gaisuwa mai yawa daga mahaifiyarka, da fatan kana lafiya, kana kuma riƙe da ibadarka a duk dajin da aikin nan ya jefa ka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ba ta jin magana.

Saƙonka ya iso. Na lura layi biyu ka ba ni, sauran takardar duk ta ƙwarin ruwanka ce. Ban yi mamaki ba. Tun kana ƙarami kake dawowa da jiƙaƙƙen wando daga kududdufin bayan layinmu, in zane ka, gobe ka koma. Yanzu an ba ka mota da taswira, kana bin gari gari kana ɗiga jan biro duk inda ka tarar da su. Abokan karatunka suna duba marasa lafiya, kai kana duba taɓo. Yayarka ta ce in an tambaye ni aikinka in ce ƙidayar jama'a kake yi, kada dai in faɗi wace jama'a.

Ka ce irin na kududdufinmu, masu garkuwa a baya da wutsiya mai reshe biyu, ka neme su har ka gaji ba ka sake ganinsu a duk yankin nan ba, sai danginsu masu iyo a rigingine. Ka ce ƙwansu yana kwance a busasshiyar laka, yana iya shekaru yana jiran ruwa, don haka in ɗebo maka ita kafin masu gini su cike wurin, in ajiye ta a bushe.

Na je. Ba don na yarda da wannan sana'a ba, sai don ban koya muku hana mutum abin da kuke iyawa ba. Na tarar motoci sun juye tsakuwa a fiye da rabin wurin. Shugaban leburorin ya tambaye ni ko ɗan kunnen zinariya na yar a ciki. Na wuce shi. Na durƙusa a gefen da ya rage, na kankaro abin da ya kusa cika shuɗin bahon nan. Washegari suka zuba siminti.

Lakar tana sito. Ka zo ka ɗauki kayanka, ka kuma ga uwarka, in har tana cikin taswirar. Wanda ya san mazaunin ƙwaro bai kamata ya manta hanyar gidansu ba.

Mahaifiyarka.


Auta,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka, ko da yake wayarka ba ta shiga, ban kuma san yaushe wannan takarda za ta riske ka ba.

An yi ruwan farko ina asibiti wajen duba gwiwa. Ka san shuɗin bahon shi muke tara wa yoyon sito tun kuna yara. Yayarka ta shiga a guje ta ja shi ƙarƙashin yoyon, ba ta duba cikinsa ba. Na yi mata faɗa har ta yi kuka, ba ta ce komai ba sai, "Umma, ke kika koya mana." Da na leƙa, ruwa ya rufe lakar. In tsiyaye ne, in bari? Ba ka faɗa mini abin da ake yi in ta jiƙe ba. Ina cikin wannan shawara sai ga wasu ɗigo-ɗigo suna motsi.

Sun girma, Auta. Na sa tabarau na ga garkuwar, na ga ido na ukun da na taɓa cewa ƙarya kake shara mini. Amma ban san abincinsu ba. Na marmasa musu burodi, ruwan ya yi wari. Na ƙara na famfo don ya washe, da safe na kwashe gawarwaki da cokali. Na je ofishinku, mai gadi ya ce duk waɗanda suka san abin suna daji tare da kai. Daga baya manyan suka koma cin ƙananan, ina zaune a kujera ina kallo. Ni da ban taɓa ganin ɓarna na yi shiru ba, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Jiya na ƙarshen ya daina motsi. Kafin nan na gan shi yana ta tona laka da ƙafafunsa. Ban sani ba ko ƙwai yake binnewa, ko kabarinsa yake haƙa. Kai za ka sani. Jan ɗigon da ka sa a kan unguwarmu dai, kada ka goge shi tukuna.

Ka san ruwan datti bai taɓa kwana a gidana ba. Wannan yana nan, ya yi kore, maƙwabta sun fara toshe hanci. Na fitar da bahon rana, na hana kowa taɓa shi, in hadari ya haɗu in ja shi ciki da gwiwar nan. Ina jira ya bushe. Iyakar abin da na iya ke nan.

Allah ya tsare ka, ya dawo mana da kai.

Mahaifiyarka.