Zoben Robar Injin Papa Selestin

Kilomita Biyar, Bangi
15 ga Fabrairu, 2016

Zuwa ga Yayata Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Yaya Sha'aibu da su Nafisa. Yaya zaman Duwala? Ƙafar nan taki ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau, Baba yana gaishe ki. Unguwa ta ɗan lafa, har mata masu ganyen rogo sun fara tsallako gadar Yakite da safe suna kasa kaya kamar da.

Yaya, wata alfarma nake nema, kuma ban so in faɗa a waya ba don Baba yakan kasa kunne. Kin tuna injin gahawar Papa Selestin maƙwabcinmu, wanda Baturen Italiya da ya yi wa girki shekara ashirin ya bar masa? Wanda shi da Baba suke shan ɗan kofi ɗai-ɗai daga gare shi kullum bayan asuba a gindin mangwaro? Ranar da suka gudu lokacin rikici, kafin ku ma ku tafi, ta kan katanga ya miƙo shi, Baba ya karɓa ya kulle a akwati ya ce ba mai taɓa shi sai ya dawo. To injin yana nan, amma yana yoyo.

Bari in kwatanta miki yadda za ki gane. Akwai wani abu mai mariƙi da ake cika wa garin gahawa, mu ludayi muke ce masa. Ana cusa shi a ƙarƙashin kan injin a murɗa dama. A cikin kan akwai zoben roba baƙi, shi ne yake riƙe ruwan zafi ya tilasta masa bi ta cikin garin. Zoben ne ya mutu. In na kunna, ruwa sai ya tsarto ta gefe, abin da ya sauka a kofi kuma kamar ruwan wankin tukunya.

Na sha wuya kafin in cire shi. Ya ƙame kamar gawayi, har da farko na ɗauka ƙarfen injin ne. Sai da na kwance rariyar da ke tsakiya, na ɗaura masa ƙusa mai murɗi a hankali, na ja da filaya, ya fito gutsure huɗu. Na zagaye duk masu kayan ƙarfe na kasuwa, ba mai irinsa. Na yanka wani daga tsohon tib na babur, yoyon ya tsaya kwana ɗaya, amma gahawar warin taya take. Na zubar.

Ga zanen faɗinsa nan a bayan takardar, na harhaɗa gutsattsarin na bi da biro. Kaurinsa ashana huɗu ne in an jera su, sai ɗan kaɗan da ya rage. Don Allah Yaya Sha'aibu ya duba wajen masu sayar wa otal-otal kayan girki. In an samu a ba Abdulmutallib direba, wanda ya kawo miki wannan.

Ki gaida yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Uwaisu

Kilomita Biyar
6 ga Maris, 2016

Yaya Kubura,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya gida duka. Yaya haƙoran auta, sun gama fitowa? Saƙonki ya iso ta bakin Abdulmutallib, har da tambayar da kika ce ya yi mini, wai yaya injin da ke kulle a akwati ya yi yoyo. Yana faɗa yana dariya. Ni ban yi dariya ba, don na san kin gano ni.

Gaskiya ita ce shekara guda kawai ya yi a akwati. Bayan tafiyarku Baba ya daina magana. Sai ya dawo daga masallaci ya zauna a gindin mangwaro yana kallon katangar da babu kowa a bayanta, har rana ta kore shi. Rufin gidan Papa Selestin ma an kwashe, ba mu san su wa ba. Abinci sai ya taɓa ya ture. Wata safiya da aka kawo wuta na fito da injin, na dafa, na ajiye kofin kusa da shi. Ya dubi kofin, ya dube ni, na zaci mari ne zai biyo. Sai ya sha. Washegari na sake. Haka muka yi shekara da wata biyu, duk safiyar da akwai wuta, ni ban ambata ba shi bai ambata ba.

Kuma ni na kashe zoben da hannuna. Da can na sha ganin Papa Selestin in ya gama sai ya zare ludayin, ya goge cikin kan da tsumma, ya ajiye ludayin a gefe. Na ɗauka tsabtar masu girkin Turawa ce kawai. Ni kuwa sai in murɗe shi tamau in bar shi a ciki dare da rana, wai don kada kyankyasai su shiga. Da ya fara ɗiga sai na ƙara murɗawa da ƙarfi, gobe in ƙara. Ashe roba tana son hutu. Zafi yana gasa ta, ƙarfe yana danne ta, ba ta samun sararin komawa yadda take.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Papa Selestin yana raye, yana zaune wajen ɗansa Firmen can bayan gada. Ya aiko wata mai ganyen rogo ta tambayi Baba, Baba kuma ya ce ta gaya masa kayansa na nan yadda ya bar shi. Ina tsaye ya faɗa, bai kalle ni ba. Matar ta dawo ta ce tsohon zai zo bakin gada ranar Talatar da ke bayan Ista ya karɓa. Ta kuma ce Firmen yana ta faɗa wa mutane wai ubansa yana yaudarar kansa, waɗanda suka cinye rufin gida ba za su bar inji ba. Baba ya ji wannan. Tun ranar ya hana ni ko goge injin a gabansa.

Yaya, Baba bai taɓa faɗin abin da ba haka ba sai a kan wannan, kuma ni na jawo masa. Mutumin nan shekara talatin yana kiransa ɗan'uwana da harshen Sango. Ba na so ya kai injin gida ya kunna ruwa ya tsarto masa a gaban Firmen.

Ki taya ni tuna wa Yaya Sha'aibu. Allah ya bar zumunci.

Naki,
Uwaisu

Kilomita Biyar
22 ga Maris, 2016

Yayata,

Sallama da gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Zobba biyu sun iso jiya, Allah ya saka wa Yaya Sha'aibu da alheri. Na ji mai shagon ya tambaye shi na milimita takwas ko takwas da rabi, shi kuma ya bi awona ya ɗauki takwas. Ba laifinsa ba ne. Ni ne na auna mataccen zobe, na manta shekaru sun danne shi ya lotsa. Kamar a auna wa mutum takalmi da tsohon silifas da ya suɗe.

Na kankare ramin da tsinken tsire har na ga hasken tagulla, na wanke rariyar da ruwan zafi, na sa sabon zoben, gefen da aka ɗan fere yana sama. Ludayin ya shige har ya wuce tsakiya ya tafi can dama, ruwa kuma yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Na zauna ina kallonsa har la'asar. Sai na cire zoben, na ɗora shi a kan kwalin shayi na zana, na yanka da reza, na shimfiɗa kwalin a ramin kafin in mayar da robar. Guda ɗaya bai isa ba, biyu ya yi. Yanzu ludayin yana tsayawa daidai tsakiya, yana kallon cibiyar mai dafawa, ba sai an yi kokawa ba. Gahawar tana sauka siririya kamar zuma, ko ɗigo babu a gefe.

Na kira Baba ya gani. Ya ƙi sha. Ya ce in wanke in mayar akwati.

Saura mako guda. Ki sa mu a addu'a.

Uwaisu

Kilomita Biyar
4 ga Afrilu, 2016

Zuwa ga Yaya Kubura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar hidimarmu, ina gaida maigida da yara. An yi ruwan farko a nan, mangwaron gida ya fara faɗowa, na tuna yadda kike riga kowa tsinta.

Mun je. Da hantsi na ɗauko injin a ka cikin bargo, Baba yana gaba da sandarsa. Papa Selestin yana zaune a kan benci a wancan bakin gadar, ya rame, gashinsa ya yi fari fat, Firmen yana tsaye da babur ko kashe shi bai yi ba. Tsofaffin sun haɗu a tsakiyar gada. Sun daɗe riƙe da hannun juna suna tambayar waɗanda suka rage da waɗanda suka rasu. Har aka zo kan Maman Firmen. A sansanin 'yan gudun hijira na filin jirgi ta rasu, Yaya, bara. Ki yi mata fatan da ya dace, ita ta yi miki kitson aure.

Na sauke injin a kan bencin na buɗe. Firmen ya kashe babur ya matso. Tsohon ya shafa jikin injin, ya ɗauki ludayin ya cusa ya murɗa, ya tsaya a tsakiya. Ya zare ya sake. Sai ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce rabon da ludayin nan ya tsaya a nan tun Baturen yana ƙasar. Ya ce shi da ya miƙo shi ta katanga yana wuce tsakiya da yatsa biyu, yana ta niyyar canja zoben bai samu ba. Ya juya ga Baba ya ce to Nasidi, wane aljani ne ya shiga akwatinka da sabuwar roba?

Kin ga duk haƙurin da na yi, da kwalin da rezar, su suka tona mu. Da na bar shi da ɗan karkacewarsa da bai gane ba.

Na buɗe baki zan ɗauki laifin, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya faɗa masa komai da Sango, a gaban Firmen da masu wucewa. Ya ce ya yi alkawarin ba mai taɓawa, ya kuma sha daga ciki fiye da shekara, sannan ya aika masa da maganar da ba gaskiya ba. Ya ce yaron nan tausayina ya ji, ni ne babba, ni ya kamata in hana. Bai tsallake komai ba. Ni dai ƙasa nake kallo.

Papa Selestin ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya tambayi Baba wai shi kaɗai yake sha, kofi ɗaya? Baba ya ce ɗaya. Ya ce to wannan ne laifin da ba zai yafe da wuri ba, injin mai baki biyu a riƙa ɓata shi a kan kofi ɗaya. Ya juyo kaina ya ce kai kuma likitan roba, wa ya koya maka barin ludayi a ciki kamar an ɗaure akuya? Na ce ba kowa. Ya ce ya ga alama. Firmen ya yi dariya ba da son ransa ba, ya kau da kai.

An ɗaure injin a bayan babur. Amma kafin su tashi tsohon ya zare ludayin ya zura a aljihun rigar Baba. Ya ce wuta tana zuwa unguwarsu da safiyar Asabar, in Baba yana so a sha sai ya kawo da kansa, in kuma bai zo ba kowa ya zauna da rabinsa. Firmen ya ce Papa, hanyar fa? Ya ce ai shi ya sa aka haife ka da babur.

Kin san rabon Baba da wancan gefen tun kafin rikici. Kwana huɗu ludayin yana kan tabarmar sallarsa, ba ya cewa zai je, ba ya cewa ba zai je ba. Ni ma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba, don ba kowa ne a can ya huce ba. Ranar Juma'a bayan mun dawo daga Masallacin Kuduku ya ce in goge masa shuɗiyar rigarsa.

Shekaranjiya Asabar Firmen ya zo har ƙofar gidanmu, ba bakin gada ba. Ya tsaya ya dubi kangon gidansu, sannan ya gaida Baba da hannu biyu. Baba ya hau. Na bi su da ido har suka sha kwana, na koma na kasa zama, na share tsakar gida sau biyu. Sai bayan azahar suka dawo. Baba ya sauko yana mita, wai Selestin har yanzu ba ya sa sukari yadda mutane suke sawa, kuma surutunsa ya ƙaru. Ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya ce Asabar mai zuwa da ni za a je, tsohon yana so in nuna wa Firmen yadda ake cire zoben.

Don Allah in kin kira kada ki yi masa faɗa a kan tsallaka gada. Ki tambaye shi gahawar kawai, zai ba ki labari har katinki ya ƙare.

Ki miƙa godiyata ga Yaya Sha'aibu, ki shafa mini kan su Nafisa. Allah ya ƙara mana zaman lafiya, ya nuna mana ranar da za ku dawo gida.

Ni ne ƙaninki mai ƙaunarki,
Uwaisu Nasidi