Gashin Manaja

Zuwa ga aminina Dogo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya gwiwa, yaya kunne? Na so in kira ka a waya, sai na tuna wancan karon da na kwashe rabin awa ina ihu, maƙwabta duk suka ji sirrina, kai ba ka ji ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Ai ba a banza muka zauna benci ɗaya a ajin yamma da furfurarmu ba.

Dogo, na zama kaka! Auta ta haihu, mace, bayan shekara tara muna roƙon Allah. Bakwaini ce, sai da ta yi mako uku a kwalba, shi ya sa nake ce mata 'Yar Kwalba, uwarta na hararata. Ranar da aka fara miƙo mini ita, ni da na shekara arba'in ina ɗaga kujeru, sai da na zauna kafin in karɓe ta. Duk tsawonta bai kai hannun kujera ba. Amma ta riƙe mini yatsa ta ƙi saki.

To ga inda damuwar take. Likita ya ce ƙirjinta bai yi ƙwari ba tukuna, a nisanta ta da ƙura da hayaƙi da gashin dabba. Ka san wa ake nufi a gidana. Manaja ce, farar kyanwar nan da ta shigo shagona tana 'yar mitsitsiya, ta kore mini ɓerayen da ke cin soso, ta riƙa hawa kujerun mutane tana kallon aikina kamar ita ke biyana albashi. Da na rufe shago tare muka yi ritaya. Yanzu ba ta kama komai sai barci, amma gashi kam tana zubar da shi kamar kwangila aka ba ta.

Mijin Auta, mai aikin gwajin jini, yaron kirki ne, sai dai ko ruwa zai sha sai ya ɗaga kofin ya duba. Ya zo ya durƙusa har ƙasa, ya ce Baba a yi haƙuri, yarinya ba za ta shigo gidan nan ba muddin gashin kyanwa na ciki. Ban ga laifinsa ba. Ni nakan je can in gan ta. Amma a hawa na uku suke, kuma ka san ƙafar matata Tsohuwa. Sau ɗaya ta hau benen, ta dawo ta kwana biyu a kwance. Tun daga nan sai a hoto take ganin jikarta. Ta ce mini in zaɓa, jika ko kyanwa. Na yi cigiyar mai karɓa, amma wa zai karɓi tsohuwar kyanwa mai haƙori huɗu? Ni kuma ba zan iya kai ta bayan gari in juyo ba.

Shekaranjiya na ga injin zuƙar ƙura a babban shagon kayan lantarki, da hoton kare da kyanwa a jikin kwalinsa. Wai don masu dabba a gida aka yi shi. Kuɗinsa ya ninka na gama-gari sau huɗu, kuma ba zan iya ba sai na sayar da keken ɗinkina na kujeru. Kai ka ƙare rayuwarka a cikin wayoyin lantarki. Ka faɗa mini gaskiya, ya cancanci kuɗinsa, ko wayo ne?

Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Mai Kujera

*

Aminina Dogo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka fatan sauƙin gwiwa. Mu nan lafiya lau, 'Yar Kwalba ta fara yin kumatu.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta ta sau biyu, har wurin da ka ce inji inji ne, hoton kare kawai za a sayar mini, kuma tun muna aji ni ne mai saurin yarda. Na yafe maka saboda shawarar da ka bayar a ƙarshe, cewa in bar kallon inda iska ke shiga, in duba inda take fita.

Ranar Talata na ɗauki kushin ɗin da Manaja ta fi kwanciya a kai, na saƙale shi a hammata, na sa farin hankici a aljihu, na nufi shagon. Yarinyar da ke sayarwa ta tare ni ta ce, "Baba, nan ba a gyaran kujera." Na ce mata 'yata, ni ma ba gyara na kawo ba, jarrabawa na kawo. Ta yi dariya ta jona mini mai arahar. Ya yi ƙugi kamar zai cinye kushin ɗin, amma gashi na nan kwance. Na kara hankici a bayansa inda iska ke fita, na ƙirga ashirin, na ɗaga. Dogo, ya yi toka-toka. Ashe ta gaba yake sha, ya fesa wa mutane ta baya.

Aka jona mai tsadar. Shi a bakinsa akwai buroshi mai juyawa, yana tsefe yadi yana ɗaga gashin. Na juya hankicin na kara, na ƙirga har hamsin don kada a ce na yi son kai. Fari fat. Kafin in ɗago, mutum biyar sun kewaye ni, wata mata har tana tambayata ko ni ma'aikacin shagon ne.

Na sayar da keken, na sayo mai tsadar. Wani tela a layin masu katifa ya saya, ya zo da mota ya ɗauka. Ban fito ba sai da suka tafi.

Tsohuwa ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba, sai dai ta dire mini kwano ta wuce. Ni kuma na zauna da ɗan littafin da ke cikin kwalin, na karanta shi daga bango zuwa bango, ina bi da yatsa kamar yadda Malam ya hana mu. A rana ta uku na kunna a kan kafet ɗin falo, wanda take sharewa safe da yamma. Tulun injin garau yake, ana ganin abin da ke shiga. Sau uku ya cika. Ta tsaya riƙe da haɓa, ta ce yanzu a cikin wannan muke zaune muna karɓar baƙi? Daga nan ta ƙwace shi daga hannuna, wai ban iya shiga lungu ba.

Ita ce ma ta kawo shawarar cewa maimakon mu riƙa bin gashi ɗaki-ɗaki, mu je wurin mai shi. Na riƙe Manaja, ta matso da bakin injin. Ba zan tsawaita ba. Hannuna na hagu yana warkewa, Manaja kuma ta wuni a saman kabad tana kallonmu kamar ba ta taɓa saninmu ba.

Ranar Asabar mijin Auta zai zo ya duba gidan. Ka taya mu da addu'a.

Abokinka,
Mai Kujera

*

Dogo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta mutanen gida. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, ban so in rubuto maka raina a ɓace ba.

Mun faɗi jarrabawa. Yaron ya zo, ya gaishe mu, ya yaba ƙasa, ya yaba labule. Sai ya ciro salatif daga aljihu, ya manna a jikin doguwar kujera, ya ɓamɓaro, ya ɗaga wajen taga. Gashi ne sirara, sun fi goma. Ya gwada ta biyu, haka. Ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi kamar shi ya yi laifin. Tsohuwa ta tashi ta shige ɗaki. Ta riga ta wanke ɗan bargon da ta saya, ta ninke shi a kan gado.

Da ya tafi na zuge zif ɗin kushin, na ciro soson, na zauna ina dubawa. Dogo, laifin ba na injin ba ne, nawa ne. Ka tuna kujerun nan? Ni na yi su da hannuna shekarar da muka tare a gidan, na zaɓi karan-miski mai kauri, ruwan goro, don in burge Tsohuwa. Ni da nake gaya wa masu kawo mini aiki cewa karan-miski ba ya sakin abin da ya kama. Shekara goma sha biyu gashi na nutsewa cikin yadin har ya huda zuwa soso. Injin ya kwashe na sama, mutum ya zauna, na ƙasa ya taso. Ko injin asibiti aka kawo ba zai gama da shi ba.

Maganin a fili yake: a yaye yadin, a zubar da soson, a sa sabo, a rufe da leda mai santsi wadda tsumma ke gogewa. Aikin kwana huɗu ne ga mai keke. Ni kuwa na sayar da nawa na sayi injin. Na san kana dariya. Yi abinka, ni ma da na gane sai da na yi.

Na sa hulata na tafi layin masu katifa, na yi sallama a shagon telan, na ce na zo aron kekena. Ya ce wane kekenka, Baba? Na ce to, kekenka da ya saba da ƙafata. Mutumin kirki ne, ya ce in riƙa zuwa da hantsi lokacin da yake fita yankan yadi. Ya tsaya yana kallon yadda nake juya kusurwa ba tare da leda ta tattare ba, ya ce in sake ya gani. Na sake sau uku. Na ɗauka hannuna ya manta, ashe yana nan.

Ranar da zan yaye karan-miskin na ce wa Tsohuwa ta fita tsakar gida kada abin ya dame ta. Ta ce in ba ta almakashi. Ita ta fara yanka.

Mun kuma yi wa Manaja iyaka. Falo da ɗakin kwana sun haramta gare ta. Na haɗa mata ɗan gado da ragowar soso a baranda, inda rana ke sauka da safe. Tana zuwa bakin ƙofa ta yi ta ƙorafi, ni kuma in fita in zauna da ita, in taje ta da buroshin hannu. Wannan kam tana so.

A gaida kowa da kowa.

Naka,
Mai Kujera

*

Zuwa ga aminina Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Idan ka ga rubutun ya karkace, ba tsufa ba ne, murna ce.

Ta zo, Dogo! Amaryata ta shigo gidana!

Uban ya riga su zuwa da kwana ɗaya, da salatif ɗinsa. Ya manna a kujera, ya manna a kafet, ya durƙusa ya manna a ƙarƙashin tebur inda ni ban taɓa tunanin dubawa ba, amma Tsohuwa ta riga ta bi. Ya ɗaga wajen taga ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Baba, gobe da hantsi." Don murna na ce masa ya gaida mutanen wurin aiki, alhali ranar hutu ce.

Awa ɗaya suka ce za su yi. Tsohuwa ta karɓe ta tun daga bakin ƙofa, ta zauna, ta buɗe 'yan ƙafafun tana ƙirga yatsu kamar wani ya ce an rage. Ta yi ta yi mata surutu, wai ke ce kika hana mu sakat, ke ce kika sa aka kori Manaja daga ofis. Ni sai da na yi kamar zan yi fushi kafin aka ba ni. Na kwantar da ita a ƙirjina, ta yi hamma, ta yi barci. Duk falon aka yi tsit. Na san abin da kowa ke saurare. Numfashinta na fita a hankali, sumul, babu tari, babu wannan ɗan kukan ƙirji da ke tayar wa Auta da hankali. Uban ya duba agogo sau biyu, daga baya ya cire takalmi ya miƙe ƙafa. Sai bayan la'asar suka tafi.

Ka tambaye ni a wasiƙarka ko yanzu zan ce injin ya cancanci kuɗinsa. Ga gaskiyata. Shi kaɗai bai isa ba, kuma yarinyar shagon ba ta faɗa mini haka ba. Yana da nauyi, Tsohuwa na kuka da kafaɗa. Filtarsa mai tace ƙura sai an wanke, a bar ta ta wuni ta kwana tana bushewa, an ce kuma nan gaba sai an sake sabuwa. Wanda kyanwa kawai gare shi, kuma kowa a gidan ƙirjinsa lafiya, ya sayi mai araha ya buɗe taga. Amma ni da mai arahar na saya, da abin da na kwashe daga ƙasa shi zan watsa a iskar da yarinyar nan za ta shaƙa. Ban yi nadama ba ko ta minti ɗaya. Kai ma ka yarda sau ɗaya a rayuwarka cewa na yi daidai.

Ga babban labarin, na ajiye maka shi ƙarshe. Da suka tashi tafiya, Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara goyo, ba ta kalle ni ba. Ta ce wata mai zuwa hutunta zai ƙare, za ta koma aiki, kuma hankalinta bai kwanta da gidan reno ba, yara da yawa, wannan na mura wancan na tari. Ta ce sun yi shawara da mijinta a kan in komai ya tafi daidai yau. Ko za mu iya riƙe musu ita kwana uku a mako, daga safe zuwa yamma?

Dogo, ban ma kai ga buɗe baki ba. Tsohuwa ce ta amsa. Ta ce kwana uku kuma? Sauran biyun wa za a kai wa?

Ranar Litinin ta farkon wata za a fara kawo ta, ƙarfe bakwai da rabi. Idan gwiwa ta bar ka, ka zo ka gan ta. Ka zo da kaya masu tsabta, don ubanta ba ya jin kunyar manna wa baƙo salatif.

Tsohuwa na gaishe ka, tana gaida uwargida. Allah ya bar zumunci, ya nuna maka na jikokinka.

Amininka, kakan 'Yar Kwalba,
Mai Kujera