Ranar da Baba Iro Ya Tsaya a Tagar Laburare

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da fatan Allah ya ƙara maka ni'ima a makwancinka, na zo ne in tona wata ƙarya da na daɗe ina yi a kanka.

Tun da na fara kula da laburaren makarantarmu ta Agege, duk malamin da ya tambaye ni sana'arka, dillalin shanu nake ce masa. Ban taɓa faɗin cewa nama kake ɗauka a kafaɗa a mayankar Oko-Oba ba. Ka dai san ɗanka da son a kira shi oga.

Asabar ɗin da ta wuce muka gayyato wata marubuciya 'yar unguwarmu, ta karanta wa iyaye da yara littafinta. Ni na yi ta zirga-zirga, aron bencina daga Islamiyya, goge kantoci, lallaɓa mai janareta. Har babbar riga na saka a zafin Legas. Da ka gan ni, Baba, da ka sha dariya.

Ta yi nisa da karatu sai na hango mutum a taga. Baba Iro ne, abokin dakonka. Ya tsufa sosai, amma takalmin roba da rigar aiki suna nan yadda ka san su. Daga mayanka ya taso, ya ji ana karatu da Hausa a lasifika, ya tsaya. Ya gane ni, ya ɗago mini hannu.

Na sunkuyar da kai, na kama gyaran littattafan da ba su buƙatar gyara. Na san in ya shigo sai kowa ya ji tarihinka, don Baba Iro bai iya gajeriyar gaisuwa ba.

A nan na tuna ranar da za a ba ni kyauta a firamare. Na roƙe ka kada ka zo saboda ƙarnin nama. Ba ka yi faɗa ba. Cewa ka yi, "To Habibu, ka karɓo, na gani a gida." Sai bayan rasuwarka Inna ta gaya mini ka je, a bayan katanga ka tsaya har aka watse.

Na ajiye littattafan na fita na shigo da shi. A bakin ƙofa ya tuɓe takalminsa kamar zai shiga masallaci. Na ba shi kujerata, kusa da hedimasta. Wata mata ta toshe hanci da gyale. Na gani, shi ma ya gani.

Da aka zo jawabin godiya, na miƙe na ce wannan abokin aikin mahaifina ne, tare suka yi dakon nama, kuma da wannan dakon na yi karatu. Ba wanda ya suma. Hedimasta ya miƙa masa hannu, marubuciyar ta ce ya ba ta lokaci wata rana ya ba ta labarin mayanka, aka ci gaba da taro.

Abin da na yi shekara da shekaru ina gudu bai ɗauki minti guda ba, Baba, kuma ba ka nan balle ka ji. Wannan shi ke ci mini rai. Ina kewarka ƙwarai.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya saka wa kafaɗarka da Aljanna. Ni kuma ka yafe mini.

Naka har abada,
Habibu, ɗan Sule mai dakon nama.