Gawa Ce Na Ɗauko, Ba Kaya Ba

Zuwa ga:
Alhaji Abdul-Jalil Fatawu,
Jami'in Sauraren Koken Ma'aikata,
Kamfanin Sufuri na Darbul Nakhla, Doha.

Daga:
Haladu Ɗalhatu Gumel, direba,
Mansura, Doha.

17 ga Fabrairu, 2025

Game da: Dakatar da ni daga aiki saboda na sa wa gawa turare

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Na rubuto da Hausa ne don kai kana ji, kuma ba na son tafinta ya rage mini magana.

1. Ran Laraba, 12 ga wata, shugabanmu Rafiu ya aike ni filin jirgin Hamad in ɗauko wani dogon akwati in kai wani asibiti a Lusail. Na tambaye shi mene ne ciki, ya ce kayan tarihi ne, yalla, in yi maza in daina surutu. Rafiu ya san abin da ke ciki. Ƙarya ya yi mini ido da ido.

2. Da muka isa asibitin, wanda ya rako akwatin ya shiga sa hannu ya daɗe. Bayan motar ne ke da sanyi, sai na shiga na zauna a kan akwatin, na tuɓe takalmi na ɗora a kai, na ci shinkafata.

3. Da aka buɗe, mutum ce. Mace ce da ta rasu tun zamanin da, an naɗe ta da ƙyalle, ta bushe. Wai wani gidan tarihi ne ya aiko a sa ta a na'urar sikan, a ga ƙasusuwanta ba tare da an kwance ta ba. Ni na taimaka aka ɗora ta a gadon na'urar. Ta gilashi na ga hoton: ga haƙoranta, ga haƙarƙarinta, sannan ga wasu 'yan ƙananan ƙasusuwa a tsakanin ƙafafunta. Likitar, Dakta Nusrat, ta ce jariri ne aka naɗe tare da ita. Suka yi ta murna suna nuna wa juna. Ni kuwa, ranka ya daɗe, ashe a kan uwa da ɗanta na zauna na ci abinci.

4. Uwata ce ke wa mata wankan gawa a unguwarmu. A gidanmu ko makara ba a tsallakawa. Da aka kira ni in mayar da matar akwatinta, na zaro kwalbar turarena na Juma'a na ɗiga mata a kan ƙyallen, na ce Allah Ya ba ta haƙuri da ni. Ban san addininta ba, ban kuma tambaya ba.

5. Dakta Nusrat ta yi faɗa, ta ce man turaren zai ɓata musu gwajin ƙyallen. Ba ni da rigima da ita, aikinta take karewa, kuma da an gaya mini tun farko da ban yi ba. Rigimata da Rafiu ce. Ya ƙwace kwalbar, ya rubuta cewa na lalata kayan kwastoma, aka dakatar da ni washegari. Yanzu ya ce ko in sa hannu na amsa laifin, ko kamfani ya soke mini iƙama, wato takardar izinin zama, khalas, shi ke nan, in koma gida. Kaya! Mai haƙora da jariri ce kaya?

Don haka ina roƙo cikin ladabi:

A janye dakatarwar, a mayar da ni kan motata. A kira Rafiu gabanka, ni ma ina nan, ya maimaita abin da ya ce mini akwatin ya ƙunsa. Daga yau kuma, in za a ɗora wa direba ɗan Adam, ko shekara dubu nawa ya yi, a gaya masa kafin ya tada mota.

Takardar Rafiu kam ba zan sa mata hannu ba, kada a wahalar da kai. In kamfani ya ga korata ce daidai, to a cire kalmar kaya, a rubuta gaskiya: an kori Haladu don ya sa wa gawa turare. Wannan takardar zan iya kai wa uwata a Gumel a karanta mata.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya sa ka yi adalci.

Naka cikin girmamawa,
Haladu Ɗalhatu Gumel