Na Koma Kan Tuluna

Zuru, Talata da dare, Maris 2006

Yau ma na tashi na fita. Muna koyon waƙar Ista a zumuntar mata, sai shugabarmu Mama Rifkatu ta ce ina gaggawa wajen buga tulu, ina barin mawaƙa a baya. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Amma na dire tulun, na ja gyalena.

Halin nan ya daɗe tare da ni. Shi ya raba ni da koyon ɗinki a Ribah, shi ya sa shekara biyu ba na magana da yayata. Da an yi mini gyara sai in ji kamar an tsiraita ni a kasuwa. Shekarata arba'in da ɗaya, ban ga ya ragu ba.

Na tsaya gindin mangwaron coci ina huci, ina jin waƙar tana tafiya ba kiɗa. Sai na koma, kunya kamar ta kashe ni.

Ba wadda ta taɓa tulun. Mama ta matsa mini a benci, ta ce, "Fitar mun saba da ita, 'yata. Dawowar ce sabuwa."

Na buga, sannu a hankali. Gobe zan je gidan Yaya.